Rajistar dangi da ikilisiyoyin tsallaken iyaka: inda aiki ya kai

18 ga Maris, 2024, Birnin Kebbi

Tun bara ya kamata a yi tafiyar nan. An riga an ɗaure kaya, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, har wutar da ke bi ta garin nan zuwa Nijar aka yanke. Kwalayen littattafanmu suka zauna a ɗakin ajiya na coci suna shan ƙura. Ran 13 ga watan nan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a buɗe ta ɓangarenmu. Ta can ba su buɗe ba tukuna, amma dattawan ikilisiya sun ce a fara shiri.

Ga wanda bai san aikin ba, abu biyu muka sa a gaba. Mu Arawa ne. Lokacin da Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙasar Arewa ta rabu: Kangiwa ta faɗo nan, Dogon Dutsi da Matankari suka faɗa can. Kakanmu ya gangaro kudu, ƙanensa ya tsaya a gida. Iyayenmu sun riƙe zumunci da ƙafa, suna zuwa biki da ta'aziyya, amma 'ya'yanmu in sun haɗu da na can a kasuwar Kamba za su yi ciniki su rabu ba wanda ya san jininsa ne. Don haka na sayi babban littafi mai kaurin bango, zan rubuta kowa: sunansa, na uwa da uba, garin da yake, da yadda za a same shi. Na biyu kuma, Zumuntar Mata ta cocinmu ta tara kuɗi daga baikonta ta sayi Littafi Mai Tsarki na Hausa da littattafan waƙoƙi, ta ce a kai wa ƙananan ikilisiyoyin da danginmu suke sujada a cikinsu.

Mu uku za mu tafi: ni, uwargida, da ɗan ƙanena wanda ya gama makaranta bara yana zaune. Shi zai riƙe waya yana naɗar muryar tsofaffi.

23 ga Maris

Nijar ta buɗe tata iyakar jiya. Gwaggo ta bugo daga Gaya tana guɗa a waya. Mun sa rana bayan Ista.

28 ga Maris

Takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara sun kammala. Duk da gwamnatin Nijar ta sanar a watan Janairu cewa ta fita daga ƙungiyar, masu zirga-zirga sun ce da takardun nan ake wucewa. Abin da ya fi ci mini rai canji ne. Na tuna lokacin da jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira dubu ba, yanzu ta wuce nesa. Guzurin da muke gani da kauri a nan, da aka canza shi sai ya koma 'yan takardu kaɗan a tafin hannu. Uwargida ta ƙara garin rogo da manja da busasshen kifi a tsaraba, ta ce waɗannan ba sa bukatar canji.

31 ga Maris, Lahadin Tashin Ubangiji

Bayan sujada aka fito da kwalayen gaban majami'a. Shugabar Zumunta ta ɗora hannu a kansu ta yi addu'a, mata suka kewaye mu da waƙa. Wata tsohuwa ta cusa mini 'yan kuɗi a aljihu, ta ce na ruwan sha ne a hanya.

3 ga Afrilu, Gaya

Mun bi ta Kalgo da Bunza muka faɗa Kamba kafin rana ta take. A kan iyaka an buɗe kwali ɗaya, jami'in ya ɗaga littafi ya juya shi, ya tambaya ko na sayarwa ne. Muka ce kyauta ce. Ya mayar da shi da hannu biyu ya ce mu sauka lafiya.

Gaya ba ta koma yadda na san ta ba. Gadar da ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin har yanzu a rufe take, mutane da kayansu sai dai kwale-kwale. Garin da ya saba kwana da ƙugin manyan motoci ya yi sanyi, kuma kowa ka gaisa da shi maganar tsadar shinkafa zai yi maka. Mijin Gwaggo da lodin motoci yake ci da gidansa, watannin nan a zaune ya yi su. Duk da haka kaza aka yanka mana, muka yi ta roƙo a bari, Gwaggo ta ce, "Ɗana, ka bar ni in yi abin da uwarka za ta yi wa nawa."

Da dare muka buɗe rajista. Gwaggo ba ta karatu, amma kanta ya fi littafina tsari. Ta fara daga kakan kakanmu ta gangaro ɗaki-ɗaki, wace ta haifi wane, wa ya tafi Kumasi bai dawo ba, wa aka aurar Tawa. In na rubuta wani a ƙarƙashin uwar da ba tasa ba, da na karanto sai ta tsayar da ni. Shafi huɗu muka cika kafin fitila ta yi rauni.

Ikilisiyar da take zuwa gauraye ce, da Zabarmawa da Dandawa da Hausawa da baƙi daga Benin da Togo, don haka sujadarsu da tafinta ake yi. Mun bar musu kaɗan daga littattafan, don masu karatun Hausa a cikinsu ba su da yawa.

5 ga Afrilu, Dosso

Canjin mota kawai. Zafi ya kai inda ya kai, ga direba da yawancin fasinja suna azumi. Muka ɓoye gorar ruwanmu a jaka. Wani dattijo da ke kusa da ni ya lura, ya ce, "Malam, ku sha ruwanku, azuminmu ba zai karye da ƙishirwarku ba."

7 ga Afrilu, Lahadi, Dogon Dutsi

Tun daga nesa dutsen ya bayyana, ja, a tsaye shi kaɗai a bayan gari. Rabona da shi tun ina saurayi. Baba, ɗan ƙanen kakanmu, yana zaune a ƙofar gida da sandarsa, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. "Kun iso lahiya? Ina mutanen Birni? Ina ɗiya?" Ya tambayi kowa da sunansa, har waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, sai in faɗa masa, ya yi shiru, ya ci gaba.

Yau mun yi sujada a wata ƙaramar majami'a a ƙauyen da ke gefen gari, inda yawancin Kiristocin gidanmu suke. Ginin laka ne da rufin kwano, benci kaɗan a gefen maza, mata a tabarma. Ba lasifika, ba janareta. Ganga ɗaya, tulu, da caki. Da suka ɗauki waƙar farko sai uwargida ta kama hannuna, don waƙar da muke yi ce a Birnin Kebbi, kalma da kalma, sai dai su suna jan ta a hankali yadda iyayenmu suke yi kafin a kawo jita da madannai. Littafin waƙoƙi ɗaya ne a duk majami'ar, a hannun mai bi da sujada, an ɗinke bayansa da zaren buhu.

Bayan sanarwa Fasto ya kira mu gaba, muka miƙa kwalin. An yi guɗa, an yi addu'a. Sai ya zaro Littafi ɗaya sabo fil, ya miƙa wa wani saurayi ɗan sakandare ya karanta nassin ranar daga Yohanna sura 20, inda Toma ya ce sai ya gani. Yaron ya miƙe da ƙarfin gwiwa, ya fara, sai ya riƙa tuntuɓe. In ya zo kan "ce" sai ya ce "se". In ya ga ƙ ko ɗ sai ya tsaya yana kallo. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa, gumi ya karyo masa. Wata tsohuwa daga cikin tabarma ta miƙa hannu aka ba ta littafin. Ta nisanta shi da fuskarta iyakar tsawon hannunta, ta runtse ido, ta karanta aya bayan aya ba gargada, har inda Toma ya ce Ubangijina da Allahna. Ta rufe, ta shafa bangon, ta mayar.

Na kasa sauraron wa'azin sosai, abin nan ne ya cika mini kai. Yaron ba daƙiƙi ba ne. Bayan an tashi ya nuna mini wayarsa, Littafi Mai Tsarki na Faransanci yake karantawa kullum, kuma yana zuba shi kamar ruwa. A lakwal, wato makarantar boko ta can, da Faransanci aka koya masa haruffa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake rubuta harshen da ya sha a nono. Tsohuwar kuwa ba ta taɓa shiga aji ba, a karatun yamma na 'yan mishan ta koya tana budurwa. To ga yadda abin ya tsaya a wannan ikilisiya: masu iya karatun Hausa idonsu ya tafi, masu ido kuma ba su iya ba. Littattafan Zumunta sun isa inda ake bukatarsu, amma in ba a yi wani abu ba a cikin akwati za su tsufa.

8 ga Afrilu

Ɗan ƙanena bai jira shawarar kowa ba. Da la'asar ya tara matasan a gindin bedi, ya samo gawayi da bayan wani tsohon kwano. Ya nuna musu cewa inda Faransanci ke haɗa o da u, Hausa u kaɗai take sawa. Abin da suke rubutawa ch, mu sh muke rubuta shi. C kuma ita ce ta "ci" da "ciki". Sannan ya zo kan ɓ da ɗ da ƙ. Abin bai ɗauki lokaci ba, don ba harshe yake koya musu ba, harshen nasu ne. Kafin magariba saurayin jiya ya karanta Zabura 23 daga farko har ƙarshe, ya tsaya sau ɗaya ko biyu ya gyara da kansa. 'Yan mata da suka tsaya daga nesa da farko suka matso.

Ba na cewa yara su bar Faransanci. Da shi za su ci jarrabawa, da shi za su nemi aiki a Yamai. Amma ban yarda a kai matsayin da jika zai karanta Maganar Allah da harshen da kakarsa ba ta ji, ita kuma tana zaune kusa da shi idonta ya kasa, ba wanda zai karanta mata da nata ba.

Da dare Baba ya ba da labarin da na zo nema, waya tana naɗa. Ubansu mai bori ne, kamar yawancin Arawan lokacin, kuma ana jin tsoronsa. Baba ya yi ciwon ƙafa yana yaro, gyambo ya ƙi warkewa, aka kai shi ɗakin maganin mishan. A can yana jinya ya koyi a, ba, ca, da. Da ya ce zai yi baftisma, gidan da aka yi masa alkawarin mata suka janye, ya yi shekaru ba wanda zai ba shi 'ya. Ƙanensa kuma ya musulunta ya tafi karatun allo. "Tsoho ya rasa mu duka biyu ga abin da ya gada," in ji Baba, "amma bai kori ko ɗaya ba. Ya ce gona ɗaya ce, ku nome ta." Har yau katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu, da ƙofa a jikinta wadda ba ta da ƙyaure.

Na tambaye shi ko in ware Kiristoci da Musulmi a rajista don sauƙin aikin ikilisiya. Ya ɗaga sanda ya nuna littafin. "Ɗana, rubuta su yadda aka haife su." Haka na yi.

11 ga Afrilu

Sallah ta same mu a nan. Ranar Sallar tun da safe kwanuka suke shigowa ta ƙofar nan ta katanga, tuwo da miyar kaza da masa. Inna, matar Baba, ta ce haka nata kwanukan suke bi ta wajen a Kirsimeti. Baba Alhaji, ƙanen Baba, ya zauna da ni ya cike mini ɓangarensa na rajista, ya kuma gyara wasu sunaye da Gwaggo ta ba ni da laƙabi kawai. Jikokinsa biyu suna karatu a Sakkwato, sun sha wucewa ta Birnin Kebbi ba su san suna da gida a can ba. Na ba su kwatance.

Mun so zuwa Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899, don yaron nan ya gani da idonsa. Dattawa suka ce a bari sai wani zuwan, kada mu yi nisa da kwalta. Muka bi maganarsu.

13 ga Afrilu, Galmi

Daga Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, daga nan Galmi. Tun kafin ka shiga gari warin albasa zai tare ka. Kaka ce ta albasa, buhuna jibge a bakin hanya, jan nau'in nan da sunan garin ya bi shi har kasuwannin Abijan da Akara.

'Yar Baba tana aure a nan, a wajenta muka sauka. Asibitin da mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950 yana nan yana aiki, kuma a layin marasa lafiya na ji Hausar Sakkwato da ta Illela, na ga Buzaye da Fulani. Ikilisiyar nan ta fi ta ƙauyen Baba ƙarfi nesa ba kusa ba, suna da littattafansu, don haka ba mu bar kome ba sai gaisuwar Zumunta. Amma na sami abin da ban zo nema ba. Wata dattijuwa da ta daɗe tana koyar da karatun manya ta nuna mini yadda take yi: ba ta farawa da haruffa, da waƙar da mutum ya riga ya haddace take farawa, ta sa yatsansa a kan layin yana rerawa har ido ya gane abin da baki ya sani. Na sa ɗan ƙanena ya naɗi bayaninta duka. Littattafan waƙoƙin da muka bari a Dutsi ashe su ne allon farko.

16 ga Afrilu, Maraɗi

Dangi a nan gida ɗaya ne, rajistarsu ba ta ɗauki awa ba. Sauran lokacin na ba ikilisiya.

SIM ta fara aiki a Nijar a Damagaram a 1924, daga baya ta zo Tsibirin Gobir da Maraɗi. Daga aikin nan EERN, ikilisiyar bishara ta Jamhuriyar Nijar, ta fito, kamar yadda ECWA ta fito a wajenmu, shi ya sa waƙoƙinmu da tsarin sujadarmu suke kama da juna. Mun je Tsibiri, mun kuma leƙa Danja a kan hanyar Ɗan Isa, inda asibitin kutare yake tun 1956, yanzu har da sashen mata masu yoyon fitsari. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. In ka zauna a cikinsu sai ka ji hakan a yadda suke magana: kowa ya san kowa, fasto a Maraɗi zai faɗa maka sunan mai bishara a Gaya da na matarsa.

Wani fasto da ya karɓe mu yana Damagaram a Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ta rikiɗe. Ran 16 aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari a Yamai, inda hukuma ta ƙirga 45. Ya ce maƙwabcinsa Musulmi ne ya shigar da matarsa da yara cikin ɗakin matansa ya tsaya a ƙofa. Bai ƙawata labarin ba, bai kuma rage zafin abin da aka yi musu ba. Littattafansa duka sun ƙone. Na ba shi labarin abin da mutanenmu na ƙasar Zuru da Danko Wasagu suke sha a hannun 'yan bindiga, ƙauyuka da majami'un da suka watse. Ya sa aka yi addu'a dominsu a taron safiya, garuruwan da na ambata ɗaya bayan ɗaya.

Wani abu kuma da ba ya cikin aikinmu amma ba zan bar shi ba. A gonakin da ke kewaye da Maraɗi itatuwa ne tsaye a tsakiyar gona, gawo da kalgo da sabara. Ba dasa su aka yi ba. Tun wajen 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoma su daina ƙone kututture in suna sassabe, su zaɓi tofo mai ƙarfi su bar shi, su datse sauran. Gonarmu ta Kangiwa fayau take, iska tana kwashe ƙasa kowace bazara. Zan gwada bana.

20 ga Afrilu, Birnin Kebbi

Mun dawo ta Ƙonni da Illela da Sakkwato. Lafiya lau, sai gajiya da tari na ƙura.

5 ga Mayu

Yau na ba ikilisiya rahoto bayan sujada. Da na zo kan tsohuwar da ta nisanta littafi da fuskarta, shugabar Zumunta ta tsayar da ni ta ce a fara tara na tabarau da na Littafi mai manyan haruffa daga baikon wata mai zuwa. An amince.

Rajista: ɓangaren Gaya, Dutsi, Galmi da Maraɗi ya shiga. Ɗan ƙanena yana buga shi a kwamfuta, ya kai rabi. Saura zuriyar da ke Tawa da Yamai, da na wanda ya tafi Kumasi. Baba Alhaji ya yi alkawarin samo lambar wani da zai kai mu ga na Tawa. Muryoyin da aka naɗa mun kwafe su wuri biyu, amma ba a fara rubuta su ba, kuma wannan ne aikin da na fi jin tsoron jinkirinsa, don akwai wuraren da sai an koma an tambayi Baba.

An buɗe zauren WhatsApp na matasan gida, na nan da na can. Sharaɗi ɗaya ɗan ƙanena ya sa: saƙon murya ya halatta, amma kowa ya rubuta ko layi ɗaya ne da Hausa a rana. Saurayin Dutsi shi ya fi kowa rubutu. Ya ce ajin gindin bedi yana ci gaba ran Laraba da Asabar, shi yake ja, tsohuwar tana zaune a gefe tana gyara musu. Suna neman allo da alli. Damina ta kusa, in an shiga noma ajin zai ragu, don haka mun ce a aika kayan cikin makon nan ta hannun direban da ke zuwa Gaya, Gwaggo ta tura su gaba.

Dattawa suna duba ko za a iya gayyato matasa kaɗan daga can su yi Kirsimeti da mu bayan an gama girbi. Masauki ba matsala ba ne, kuɗin mota ne ba a samu ba tukuna. Za a sake zama a kai ran Lahadi ta ƙarshen wata.